Jiniyar da Na Kashe da Biro

Duk abin da ya shige mini a shekarun da na yi a wannan sashe, ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a gindin jiniya ta tara ba, fom a kan gwiwata, biro a hannuna. Kun ce in bar muku wani labari kafin in miƙa makullin sito in koma gida. Na san wanda kuke so, na ranar da ƙudan zuma suka koro ni daga kan turke har wandona ya yage a gaban matan Kona. Wannan Buba direba ya riga ya ba ku shi, har ya ƙara masa gishiri. Wanda zan ba ku yau ba na dariya ba ne, kuma ban taɓa ba da shi cikakke ba.

Saboda waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari in fara da bayani. Jiniyar da nake magana ba irin ta motar asibiti ko ta ayarin manya ba ce. Shekaru da dama da suka wuce wani shirin tallafi ya kakkafa jiniyoyi goma sha biyu a ƙananan garuruwan da ke bakin ruwa, daga gefen Kona har ƙauyukan da ke bayan Sunkani, don a riƙa gargaɗin mutane idan ambaliya ta taso. Da shirin ya ƙare masu shi suka tafi, aka miƙa mana. Mu kuma muka yi abin da muka fi iyawa, muka buɗe fayil muka ajiye. Da aka sauya mana ofis, fayil ɗin ya zauna a ƙasan wani kabad har gara ta yi biki a kansa. Ranar da aka tashi nemansa babu wanda ya san wane kamfani ya ƙera jiniyoyin, ko wane iri ne, ko guda nawa ke da sauran numfashi.

A lokacin ina mataki na goma, Babban Jami'in Fasaha, ko da yake kowa Injiniya yake ce mini, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa ba. Cikin watan Maris Darakta ya kira ni, ya ce in ɗauki Buba da mota in zagaya duka sha biyun, in gano irin kowacce da halin da take ciki, in kawo rahoto kafin damina ta sauka.

Gano irin jiniya aiki ne da nake taƙama da shi. Iri biyu ce. Akwai mai mota, wadda farfela ke juyawa a cikinta tana yanka iska, shi ne kukan da ake ji. Akwai kuma ta lantarki zalla, babu abin da ke juyawa a cikinta: akwatin ƙarfe a jikin turke mai ɗauke da amfilifaya da batir, faifan sola a samansa, sai bakuna a can ƙololuwa, kamar lasifikar masallaci amma sun fi ta kauri da nauyi nesa ba kusa ba. Namu duk irin ta biyun ne, sai dai ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Daga ƙasa ake farawa. Ka ƙirga bakunan, ka duba zagayayyu ne ko masu kusurwa huɗu, a jere suke ko a ɗore. Sai ka buɗe akwati ka nemi ɗan farantin da aka buga lamba a kai. In rana ta cinye rubutun, ka shafa alli ka goge da yatsa, lambar za ta fito. Daga nan sai gwaji. Ba a kunna jiniya haka kawai a garin mutane, balle a jiharmu da kowa ya san abin da gudu yake nufi. Kafin ka buɗe baki ka yi bayani an watse daga kasuwa. Shi ya sa masu ƙera ta suka sa mata maɓallin gwajin shiru. In ka danna, ɗan gurnani kawai za ta yi wanda sai na kusa da turke ke ji, koriyar fitila ta kama, ka san tana da rai.

Fom ɗin da aka ba ni gida uku gare shi. Na ɗaya, tana aiki a mazauninta. Na biyu, tana bukatar gyara. Na uku, ta mutu, ba ta gyaruwa. A ƙasa akwai tambaya guda: an taɓa kayan cikin akwati? In an taɓa, a rubuta sunan mai riƙe da makulli. Duk wadda ta faɗa gida na ɗaya ko na biyu, kwamitin tantancewa zai biyo baya ya buɗe akwatin ya gani da idonsa. Ta gida na uku kuwa babu mai komawa kanta. Ku riƙe wannan, a kansa labarin yake.

A jiniya ta huɗu na tarar an kwashe batir da faifan sola. Na cika fom yadda aka ce, na rubuta sunan mai makulli, wani tela ne. Kafin mako ya zagayo na ji ya kwana biyu a tsare ana masa tambayoyi, alhali kowa a garin ya san ba shi ya ɗauka ba. Matarsa ta zo har bakin ofishinmu tana tambayar wane ne Injiniya. Na bi ta ƙofar baya. Da wannan a zuciyata na ci gaba da zagayen.

Jiniya ta tara tana wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, in ka bar titin Sunkani ka bi hanyar ƙasa tafiyar kamar rabin awa. Mun isa wata Laraba da hantsi, ranar kasuwarsu. Kogin garin a watan Maris yashi ne kawai, mai faɗin da in ka kira mutum daga wannan gaɓa ba zai ji ka a waccan ba, da ɗan siririn ruwa a tsakiya wanda akuya ma za ta tsallake. Amma kansa yana can cikin duwatsu. In aka yi ruwa mai ƙarfi a duwatsun, nan garin ana iya zama cikin rana tarwai babu ko gajimare, sai ruwa ya iso gaba ɗaya, ja wur, da itatuwa a kansa. Masu ɗiban yashi, da mata masu wanki, da masu tsallakowa cin kasuwa daga rugagen ƙetare, su aka kafa wa jiniyar.

Tun daga nesa na ga turken ya bambanta da takwas ɗin baya. An share ciyawar gindinsa, an shafa masa koren fenti iya inda hannun mutum ya kai. Bakuna huɗu masu kusurwa, biyu suna kallon kogi, babu tsatsa a jikinsu. Na ce wa Buba yau dai mun samu mai rai. Don zumuɗi ban ma jira mai makulli ba, na sa sukudireba na ɓalle akwatin. Wayam. Babu amfilifaya, babu batir, sai gidan zanzaro a kusurwa.

Buba ya leƙa ya ce, "Injiniya, ga mai ran naka nan. An yi mata kwalliya an cire hanji."

Muna tsaye sai ga wani dattijo ya taho da sauri, gajere, da makulli rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shi ne Baba Yohanna, mutumin Mumuye, tsohon masinjan makarantar firamaren garin. Shi ya haƙa ramin turken lokacin da aka zo kafawa. Masu aikin suka ga hankalinsa suka ba shi makulli, suka nuna masa maɓalli biyu, suka tafi. Tun daga ranar babu wanda ya sake waiwayarsa sai ni.

"Sannu da zuwa, Injiniya," in ji shi. "Ka fasa ƙofa, ga makulli yana wuya na."

Na haɗe rai irin na ma'aikacin gwamnati na ce, "Baba, ina kayan cikin akwatin nan?"

"Yana gida. Ka zo ka gani. Shi lafiya lau."

Gidansa bai fi taku talatin daga turken ba. A cikin ɗakin kwanansa, bayan gado, ya yaye wani tsohon bargo. Ga amfilifaya nan a kan benci, an ɗora bencin a kan bulo don kada danshi ya taɓa ta. Ga batir biyu manya na tifa. Waya ta ratsa bango ta shiga ƙasa cikin tiyo, ta bi har gindin turke, ta hau ta cikinsa yadda ido ba zai gani ba. Faifan solar yana kan rufin gidan ta bayan da ba a hango shi daga hanya. Ya ce wani mai gyaran rediyo ya ɗauko daga Sunkani suka yi aikin tare. Batir na asali sun daɗe da mutuwa, waɗannan direbobin tifa masu ɗiban yashi ne suka kawo masa, don sun san amfanin abin.

"Ɓarawo ya zo sau biyu," in ji shi. "Na ce idan ya zo na uku zai tafi da shi. To, ni na riga shi sata." Ya yi dariya har da tari.

Na durƙusa na shafa alli, lamba ta fito tsaf, na kwafe. Na bi wayoyin da mita ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba shi da kyan gani, an ɗaɗɗaure wasu wuraren da robar tsohuwar taya, amma babu kuskure ko ɗaya. Na danna maɓallin gwajin shiru. Koriyar fitila ta kama, daga waje muka ji turken ya yi gurnani. Kwana goma sha ɗaya ina bin gawarwaki, yau na ji ɗaya ta amsa.

A jikin bango saman bencin na ga layuka na gawayi a jere, na ƙirga goma sha huɗu. Ya ce kowane layi rana ce da ya kunna ta da gaske. Yana da suruki a can cikin duwatsu, kusa da inda kogin ya faro. In ruwa ya taso sai surukin ya buga masa waya. Na tambaye shi lokaci nawa ruwan ke ɗauka kafin ya iso. Ya ce mutum zai iya cin tuwo ya wanke hannu, amma ba zai yi ƙari ba.

Da muka fito, a inuwar wata bishiya kusa da turken wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono. Inna Dija sunanta. Kowace Laraba takan tsallako daga rugarsu ta ƙetare. Da ƙarfi take magana, irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi. Baba Yohanna ya sunkuya ya faɗa mata a kunne cewa ni ne mutumin gwamnati da ya zo duba jiniya. Ta tafa hannu, ta fara godiya da Fulatanci.

"Useko, ɗana, useko. Kai ne ka zo gaida amaryar Yohanna? Ya ɓoye ta a ɗaki, ko ni bai nuna mini ba." Ta dama mini nono a ƙaramar ƙwarya ta miƙo, na sa hannu a aljihu ta buge hannun. "Ni kunnena ya toshe. Jikokina sai sun taɓa ni nake sanin magana suke. Amma wannan in ta yi kuka, har cikin haƙorina nake jin ta. Sau biyu tana mai da ni baya daga tsakiyar mayo, kogin nan. Ka gaya wa gwamnati Dija ta gode."

Na shanye nonon, na koma gindin turke na zauna, na ɗora fom a kan gwiwata. Nan ne wurin da nake so ku tsaya tare da ni.

In na sa ta a gida na ɗaya, kwamiti zai zo ya buɗe akwati ya tarar wayam, ya bi waya har ɗakin kwanan tsoho. Kayan gwamnati a bayan gadon mutum, a takarda sunansa ɗaya ne. Gida na biyu ma haka. Na tuna tela, na tuna matarsa a bakin ofis. Akwai hanya ta huɗu wadda ba ta cikin fom, kuma na san ta sarai: in rubuta takarda ta musamman in bayyana duk abin da na gani, in shiga da ita wurin Darakta da ƙafata, in tsaya a kai har a amince a bar kayan inda suke, a ba tsohon takardar shaida. Amma wannan yana nufin mako guda ina hawa da sauka, da jure faɗan Darakta, wanda ba ya son duk abin da bai shiga gida uku ba. Ga shi kuma a shekarar nake jiran ƙarin girma, ba na son sunana ya fito a kan wata rigima. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayin tsoho ne ya sa na yi abin da na yi. Akwai tausayin. Amma akwai lalaci da tsoro a ciki, kuma ba su ne ƙaramin kaso ba.

Sai na yi lissafi irin na wanda ya daɗe a ofis. Na ce ai rahoto barci yake yi. Shekara nawa ina rubutawa, wanne aka taɓa aiki da shi? In na ce ta mutu babu mai dawowa, fayil ya koma ƙasan kabad, tsoho ya ci gaba da abinsa, kowa ya huta. Na sa biro a gida na uku. A wurin dalili na rubuta cewa tsawa ta ƙona ta. An taɓa kaya? Na rubuta a'a. Na sa hannu.

Baba Yohanna ya rako mu har mota ya ce, "Injiniya, ba za a kama ni ba ko?"

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Babu mai taɓa ka, babu mai taɓa ta. Na gyara komai." Ban gaya masa abin da na rubuta ba. Har ina jin daɗin kaina a hanya, ina ganin na yi dabara.

Na miƙa rahoto cikin Afrilu. A ƙarshen Mayu aka tura ni kwas Kaduna na mako uku. Ina can ashe wata ƙungiya ta zo ta ce za ta kawo sababbin jiniyoyi, da sharaɗin a fara sauke matattun tukuna. Aka lalubo rahotona, aka ba ɗan kwangila jerin na gida na uku. Rahoton da na rantse zai yi barci, cikin kwana goma aka gama aiki da shi.

Ranar Litinin da na dawo na tarar da Baba Yohanna a kan bencin barandar ofis. Masinja ya ce karo na uku ke nan yana zuwa. Ya miƙe, ya cire hula.

"Injiniya, mutanenka ya zo. Ya cire baki duka huɗu. Na ce yana aiki, ku zo ɗaki ku gani. Ya ce ba ruwansa da ɗaki. Ya nuna mini takarda, ya ce Injiniya ya rubuta ya mutu." Ya dube ni. "Kai ne ka rubuta?"

Na ce ni ne. Na ja shi gefe na shiga bayani, labarin tela, da kwamiti, da yadda na so in kare shi. Ya saurara har na gama bai katse ni ba.

"Da ka tambaye ni," in ji shi. "Ni kwana biyu a rufe ba zai kashe ni ba."

A ranar na rubuta takardar da ya kamata in rubuta tun Maris. Na shiga da ita wurin Darakta. Ya karanta, ya jawo rahoton farko ya ajiye su gefe da gefe.

"Malam Sa'idu, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"To wanne zan ɗauka? In na tura wannan sama, tambayar farko ita ce sauran sha ɗayan fa, su ma haka ka yi? Masu kawo sababbin nan in suka ji rahotonmu ba abin dogaro ba ne, kai za ka je ka yi musu bayani?" Ya ce in yi haƙuri, sababbi suna hanya, garin ma yana cikin jerin. Ya rubuta a gefen takardar a ajiye a gani. Wannan ita ce ta yi barcin da na yi wa ta farko fata.

Na bi sawun bakunan. Ɗan kwangila ya ce tarkace ne, ya sallamar wa 'yan gwangwan. Na shiga layinsu a bayan Kasuwar Jalingo rumfa rumfa, har na samu wanda ya saya. Ya ce ai dalma ce mai kyau, masu ƙera tukwane sun kwashe tun makon jiya. Ya nuna mini jerin tukwane sababbi suna ƙyalli a rana.

A nan kasuwar dabara ta zo mini. Amfilifaya tana nan da ranta, batir suna nan, turke ma ba a tumɓuke shi ba. Lasifika huɗu irin ta masallaci, in aka haɗa su daidai, ba za su kai na asali ba amma za su kai tsakiyar kogi. Na tsaya a shagon mai sayarwa, na ɗaga ɗaya na juya ta, na ce zan dawo. Na buga wa Baba Yohanna waya na ce ya saurare ni ranar Asabar. Asabar ɗin aka yi suna a gidan ƙanena. Ta gaba aka kwana ana ruwa, na ce hanyar ƙasar ba za ta biyu ba. Ta gaba kuma na ji an ce sababbin sun iso Legas, na ce to me zai sa in je in yi aikin wucin gadi ba da izini ba. Duk lokacin da ya kira sai in ce, "Baba, Asabar mai zuwa in Allah ya so." Shi kuma ya ce, "To, Injiniya. Ruwa dai ya fara." Daga baya in na ga lambarsa sai in kife wayar.

Wata Laraba cikin Agusta, bayan azahar, ina ofis ana rana kamar ba damina ba, Buba ya shigo bai yi sallama ba. Ya ce ruwa ya sauko a garin jiniya ta tara, kuma an ce an rasa mutum.

Washegari aka tura ayarinmu duba ɓarna, da ni a ciki. Abin da ya faru, kamar yadda mutane da dama suka faɗa mini, shi ne surukin ya bugo waya a kan lokaci. Baba Yohanna ya ruga makaranta ya ciro ƙarfen da ake bugawa a tashi yara, ya gangara bakin kogi yana dukansa yana ihu. Masu ɗiban yashi suka ji suka fito, mata suka bar wanki suka hau gaɓa. Inna Dija ta sayar da nononta da wuri, ta riga ta kama hanyar gida. Tana tsakiyar kogi, ruwa iya gwiwa, ƙwarya a ka, bayanta ga gari. Duk wanda ke gaɓar ya yi ihu. Aka ɗaga zannuwa, aka buga ƙarfe. Wani daga cikin masu yashi ya bi ta da gudu, ya kai rabi ya hango abin da ke tahowa, ya juyo da ƙyar. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Da safiyar ranar da muka je aka same ta a gefen wata gonar shinkafa, can ƙasa da garin.

Na tsaya a sallar jana'izarta a sahun baya. Babu wanda ya nuna ni da yatsa, don babu wanda ya sani sai mutum ɗaya. Da aka watse na tafi gidansa. Yana zaune a bakin gado, bargon a yaye. Na gaishe shi ya amsa.

A bango na ga layin gawayi na goma sha biyar, an ja shi can ƙasa, shi kaɗai, nesa da sauran. Ya ga inda nake kallo.

"Na danna, Injiniya," in ji shi. "Da waya ya shigo, kafin in tuna, hannu na ya danna. Na san babu baki a sama. Fitila ya kama. Na tsaya ina jira ya yi kuka. Wannan tsayuwa da na yi, shi ne yana damu na. Da na ruga tun farko."

Tsohon nan yana zaune yana tuhumar kansa a kan tsayuwar da ba ta kai minti ɗaya ba, ga ni a gabansa, ni da na yi wata biyar ina tsaye. Na ce masa, "Baba, ba kai ba ne. Ni ne." Na fita bayan gidan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ranar Asabar na sayi lasifika huɗu da waya, Buba ya kai ni a motarsa ta gida. Ban nemi izinin kowa ba. Na hau turken da kaina, Buba yana miƙo mini kaya da igiya. Daga lokacin da na sa ƙafa a kan tsani zuwa lokacin da na sauko, awa uku ne. Na duba agogo, na yi da-na-sanin dubawa. Mai gari ya sa aka zagaya aka sanar za a yi gwaji, Baba Yohanna ya danna jan maɓalli. Ta yi kuka. Can ƙetare, mutanen rugar da ke zaman makoki suka fito bakin gaɓa suka tsaya suna kallonmu har ta yi shiru. Sababbin jiniyoyin sun iso bayan damina biyu. Har zuwa lokacin lasifikun nan ne suka riƙe garin.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ba sabo ba ne. Mu a aikin nan muna ganin ƙwarewa ita ce ka hango baki daga ƙasa ka faɗi kamfani da lamba. Na iya wannan, a ranar ma ban yi kuskure ko ɗaya ba wajen gano ta. Na san irinta, na san tana da rai, na san wa take tsarewa, har nonon da tsohuwar ta dama mini na sha. A kan takarda na kashe ta. In kun je wuri kuka tarar da abin da fom bai yi masa gida ba, kada ku tura shi gidan da ya fi muku sauƙi. Ku juya bayan takardar ku rubuta abin da idonku ya gani, ku shiga da ita da ƙafarku, ku sha faɗan. Kada kuma ku yanke wa mutum shawara a kan abin da shi ya tsare shekara da shekaru ba ku tambaye shi ba, kuna cewa kare shi kuke yi. A kowane gari akwai irin Baba Yohanna, babu sunansu a fayil ɗinmu, kuma su ne ke riƙe da rabin abin da muke cewa namu ne.

Da aka zo sabunta fayiloli bara, magatakarda ya tambaye ni ko a cire tsohon rahoton nan tunda an maye gurbinsa. Na roƙe shi ya bar shi. Yana nan a kabad na biyu, koren fayil. Duk wanda aka ɗauka sabo a sashen nan, kafin a ba shi fom ya fita, ku buɗe masa shafi na tara ya karanta. Zai ga an rubuta tsawa ta ƙona ta, an taɓa kaya, a'a. In ya tambayi sa hannun wane ne a ƙasa, ku gaya masa nawa ne.